Tuwon Sallah a Cikin Mota

Ranar Sallah ce, amma Tayyiba a cikin mota ta ci nata tuwon, hawaye na ɗiga cikin miyar. Hausawa sun cika ɗakin taron da aka kama a garin Annandale na Amurka ana ta hira da shewa, ita kuwa tana wajen ajiye motoci rungume da ɗanta Haidar, ɗan shekara uku, wanda ke toshe kunnuwa yana ihu in hayaniya ta yi yawa, kuma bai taɓa cewa "Mama" ba. Likitoci sun ce galahanga ce, lalurar da ke hana yaro magana da cuɗanya da mutane. Amma yayar mijinta, Hajiya Sailuba, ai ta fi likitoci sani.

"Aljanun danginku ne, mu babu wannan a jininmu! Ki zauna da shi a mota, kada ya kunyata ni."

Hajiya Sailuba ke nan! Uwar taro, gwala-gwalai har gwiwar hannu, ta sha zuwa Makka amma ko sau ɗaya ba ta sawo tausayi cikin tsaraba ba. Mijin kuwa, Ladan, tunda ita ta kawo shi Amurka, bakinsa ma a jakarta yake. Tir da irin wannan namijin!

Likita ya ce akwai horon da ake yi wa irin su Haidar, in an fara da wuri sukan yi magana, in an makara sai abin da Allah ya yi. Kamfanin inshora ya ce ba zai biya ba, wai wannan karatu ne, ba magani ba. Tayyiba ta buga waya har muryarta ta dashe, yaro kuwa sai girma yake yi cikin shirunsa...

Maƙwabciyarta Constance, wata nas 'yar Jos, ta ce da ita, "Maman Haidar, iyayen yara irin Haidar za su Richmond, babban birnin jihar nan, su roƙi majalisar jiha ta tilasta wa kamfanonin nan su biya. Zo mu je ki faɗi naki da bakinki."

Ta je, ta faɗa, aka nuno ta a labaran yamma. Kafin ta cire mayafi Hajiya ta iso kamar za ta ci babu.

"Kin kai sunan gidanmu talabijin, kin tona mana asiri gaban Turawa! Ladan, ko ni ko ita!"

"Yaya, ki dubi Allah, ɗan ƙaninki ne... magana kawai nake nema masa!"

Ladan ya sunkuyar da kai kamar akuyar da ruwa ya doka, ya sake ta. Constance ce ta ba su ɗakin ƙasa. Nan Tayyiba ta riƙa goga goshi a sallaya tana kuka. "Ya Allah, Kai Ka ba ni shi, Ka buɗe masa baki ko ba na raye!" Ta sami aiki gidan kula da tsofaffi, ta ci gaba da bin iyayen nan Richmond har doka ta tabbata. Inshorar aikinta ta fara biya, malamar horon ta fara zuwa. Wata safiya Haidar ya ja zanenta ya ce, "Mama... ruwa." Kofin da ke hannunta faɗuwa ya yi, ita ma ta zube.

Shekaru suka shuɗe, wata Sallar ta zo, a ɗakin taron nan dai. Yanzu Tayyiba a ciki take, matan da suka yi mata dariya suna jan ta gefe su tambaye ta a asirce yadda ake neman likitan yara. Can Haidar ya nuna taga ya ce, "Motar Gwaggo. Akwai yaro."

Hajiya Sailuba ce zaune, fuska ta yi jage-jage, riƙe da jikanta Khalil yana toshe kunnuwa yana ihu. Surukar 'yarta ce ta kora su can, da kalmomin da ta koya a bakin Hajiya, ba ragi ba ƙari. Horon da ake yi wa Khalil ɗin ma, dokar nan da Hajiya ta ɗauka tonon asiri ce ta sa inshora ke biya!

Haidar ya ƙwanƙwasa gilashi, ya miƙa faranti. "Gwaggo, ga tuwo. Kashe rediyo, ba ya son ƙara."

Hajiya ta fashe da kuka. "Tayyiba, don Allah ki yafe..."

Tayyiba ta miƙa hannu a hankali ta karɓi Khalil. "Shi ba shi da laifi, na sa an ware wa irinsu ɗaki mai shiru a ciki." Ta fara tafiya, sannan ta waiwayo. "Ki ɗan sauke gilashin, Yaya. Bayan la'asar motar tana zafi. Ni na sani."