Ɗumi Biyu a Ƙarƙashin Kwano

A bakin kwalbati ya fara ganin Auta, a durƙushe tana kiran 'yar tunkiyarta da ta faɗa ciki. Shi ma'aikacin ceton dabbobi ne, yana yawo da kyamara mai ganin ɗumin jiki: duk abin da ke numfashi sai ya fito fari a allonta. Ya zaro tunkiyar, ya tafi da lambar wayar Auta. Ita kuma ta raɗa masa Mai Ido.

Da maganar aure ta taso, Baban Auta bai yi na'am ba. Cewa ya yi namijin da sana'arsa leƙen ramuka ba zai riƙe gida ba. Shi direban katafila yake so mata, mai zuwa gaisuwa da ƙaton agogo.

Ana haka ruwa ya kayar da rumfar dabbobin gidan, aka fitar da duka ban da tunkiyar Auta. Mai Ido ya zo da rana tsaka, kwanon rufin ya ɗauki zafi, allon ya yi fari fat, ba ka bambance rai da ƙarfe. Ya roƙi a jira safiya kwanon ya huce. Direba ya tuntsire da dariya, Baba ya ce gobe ƙarfe bakwai a kwashe tarkacen.

Da yamma Mai Ido ya tura wa Auta saƙo: “Autata, ki haƙura zuwa safe.”

Ta ɗauka ya sare ne. Ta amsa: “Na gode, Mai Ido. Kowa ya haƙura, ban da ni.”

Wanda ya san mata ya san irin wannan godiyar ba ta alheri ba ce. Gari na wayewa ya iso, ya tarar direba ya yi sammako don burge suruki, har bakin katafila ya ciji gefen kwanon. Mai Ido ya durƙusa ya saita kyamara ta wata ɓaraka. Ɗumi biyu ya gani, ƙarami a dunƙule, dogo ya rungume shi. Dogon yana da hannu.

Ya ƙwala ihu. Ihunsa bai kai kunnen direba ba, sai ya je ya tsaya gaban ƙarfen, allon a sama.

“Baba, ina Auta ta kwana?”

Aka duba ɗakinta, wayam. Ashe tun asuba ta rarrafa ciki, katako ya rufto ya toshe mata hanya. Baba ya kalli allon.

“Ɗana, wannan farin... da rai?”

“Muddin yana fari, Baba. Da hannu za mu tona.”

Bulo ɗaya-ɗaya suka ɗaga, har direban, yatsu na jini. Tunkiya ta fara fitowa. Auta ta biyo ta, fuska duk ƙasa, ta ce masa ya makara.

Ranar ɗaurin aure Baba ya riƙe hannunsa ya ƙi saki.

“Na ce leƙen rami kake. To ka ci gaba da leƙawa. Allah ya yi muku albarka, ya ɗumama gidanku.”