Mayafin Tani a Kan Gurmi

"Inna, don mi aka ce ma Kaka Mai Gurmi, ko gwangwani ban taɓa ganin ya kaɗa ba?"

A gaban surukata ɗiyata ta jefo mini tambayar nan game da kakana. Na harare ta, amma ga amsar.

Zamanin Turawa ne, Di'o ya sa aka baje kayan kiɗa a kasuwar Isa. Akwai molo mai dogon wuya daga Indiya, da bandirin Larabawa, da algaitar Turawa mai jaka kamar salkar ruwa. Aka bi ƙauyuka aka karɓo na gida, har da gurmin wani saurayi, Na'Allah, daga Kamarawa, shi ne kakan nawa. Aka ja igiya, dogari ya tsaya: kallo kawai, ba taɓawa.

Tani, ɗiyar Malam Yero mai makarantar allo, ta zo kallo, ta ji wani yana ƙunƙuni.

"Sun aje shi cikin rana! Fatar tsagewa za ta yi."

"Naka ne?"

"Nawa ne, amma in na taɓa sai bulala."

Ba ta yi tunani ba. Ta cire mayafinta ta wurga ƙetaren igiya, ya lulluɓe gurmin. Daga ranar Na'Allah ya sa mata suna Inuwata.

Atiku, tafintan Di'o, da ma yana sonta. Kafin la'asar ya kai wa Malam Yero labarin mayafin ɗiyarsa a kan kayan makaɗi. Aka hana ta fita. Atiku ya kuma aika mata cewa saurayin zai bi kayan zuwa Ikko. Kwana uku tana kuka, sai ga takarda da ajami:

"Inuwata, ƙarya ce. Ba inda za ni. Mayafinki na wurina, ban wanke shi ba."

Ta mayar: "Wanke shi, ƙazami, ka taho ka ga Baba."

Sau huɗu yana zuwa da manyansa ana sallamar su a zaure. Na biyar Malam ya ce, "Ban ga aibu ga halinka ba, yaro. Amma zaɓi ɗaya, ko gurmi ko ɗiyata."

Na'Allah ya dubi Malam ya ce:

"Na bar ma Bature shi, Malam."

Aka ɗaura aure a Isa, aka sa albarka, ya koma fataucin gero zuwa Maraɗi. Sun haifi tara, sun tsufa tare, ba a taɓa jin kansu ba. Sai dai har ta rasu Tani ba ta ji kiɗan mijinta ko sau ɗaya ba. In ta roƙe shi, sai ya ce, "Inuwata, na yi ma Malam alkawari." Ni da idona na sha ganin yatsunsa suna motsi a kan gwiwarsa, ita kuma ta kau da kai.

Allah Ya jiƙan Tani, Ya ƙara wa Kaka lafiya.

Kai mai karatu, ranar da aka zo neman aure gidanka, bincika hali da addini da abin ciyarwa iyakar ƙarfinka. Amma ka auna sharaɗin da za ka gindaya. In mutumin kirki ka samu, cika shi zai yi, kuma 'yarka ce za ta zauna da shirun.