Jifan Da Aka Soke A Ankara

"Ba ni maida shi!"

Hasiya ta zauna daram a kan akwatin lefenta, ta harɗe hannuwa, idanunta sun kaɗa sun yi ja.

Inno ta dafe ƙirji. "Hasiya! Ubanki kika gaya ma haka?"

"Ba Baba nika gaya ma ba, Inno. Akwatin nika gaya ma. Ba shi zuwa ko'ina!"

Malam Sodangi yana tsaye a bakin ɗaki, ko takalmin gona bai cire ba.

"Shagari duk ta ji," in ji shi. "Ɗantani maguɗi yay yi gaban Turawa, anka ɗaga mishi jan ƙyalle, anka kore shi. Ni ba ni ba macuci ɗiyata."

"Wa yag gani, Baba?"

"Maniru yaj ji ga direban da yaɗ ɗauko shi Gusau."

Maniru! Telan nan da ya ɗinka mata riguna uku ba ta sa shi ba, ta mayar masa da su ko warware su ba ta yi ba. Tun da aka sa ranarta da Ɗantani bakinsa bai huta ba, ya fi kekensa gudu.

Shi kuwa Ɗantani lodin albasa yake yi a tashar Bodinga. Wani Baturen makaranta ne ya ga yadda yake cilla buhu saman mota da hannu ɗaya, ya kai shi Sakkwato ya ɗora masa dunƙulen ƙarfe a wuya, ya ce jefa. Daga nan sai Kaduna, sai Ikko. Bana aka zaɓe shi ya yi wa Nijeriya jifan dalma a Ankara ta ƙasar Gwalkwas. Dama can Malam Sodangi bai so ba, wai ƙato da gajeren wando yana jifa kamar mai korar tsuntsu a gona. Hasiya ce ta yi ta naci har ya karɓi lefen.

"In gaskiya gare shi," Malam ya ƙara, "mi yah hana shi zuwa? Kwana tara ke nan da dawowatai."

Wannan ta soke ta. Ita ma kwana taran nan ƙirga su take yi, kuma tsoro ya fara shigarta. Amma ba ta bari an gani ba.

"Gobe kasuwar Bodinga ta. Ka ba ni yini guda, Baba. In da bakinai yac ce ya yi, ni da kaina zan kai akwatinga bisa kaina."

"Yini guda," in ji Malam, ya juya.

Washegari ta bi motar mata masu daddawa. Ta same shi a bayan tasha cikin buhunan albasa, ya rame, gemu ya tsiro masa. Yana ganinta ya saki buhun da ke hannunsa.

"Hasiyata..."

"Kada ka kira ni taka! Kwana tara, Ɗantani!"

"Rabin raina, wace huska zan kai miki? Na ce miki kohi zan kawo..."

"Kohi nic ce ina so? Dube ni. Ka yi maguɗi ko ba ka yi ba?"

Ya ɗago da sauri. "Maguɗi? Wa yac ce?"

"Amsa ni!"

"Wallahi ban yi ba!"

Numfashin da ta riƙe tun jiya ya fita. Ta zauna a kan buhu.

"To jan ƙyallen hwa?"

Ya tsuguna ya zana da'ira a ƙasa da yatsa. "Cikin wagga aka tsayawa a jehwa. In ka jehwa, ta baya aka hita. In kah hita ta gaba, jihwan ya ɓaci. Na san hakanga awa sunana."

"Sai?"

"Jihwana na biyar, Hasiya... ban taɓa irinai ba. Ya wuce na ƙaton Gwalkwas da taki guda. Hili duk yaɗ ɗauki ihu. Sai nig ga mai ɗauko ƙarhen. Ikko samarin 'yan sanda ka ɗaukowa. Can ko tsoho na, kai hwari tas, ƙahwa guda shina ja. Yad duƙa, ƙarhen yan nemi kada shi."

Ya share da'irar da tafin hannu.

"Ban san sa'adda nir ruga ba. Sai dai nij ji kaina ina cewa, kawo, Baba. Nij juyo nig ga jan ƙyalle sama. Anka soke jihwan. Na huɗu niz zo."

Hasiya ta kalle shi, ƙato guda yana sunkuyar da kai kamar wanda aka kama a rumbun wani. Sonsa ya cika ta, haushinsa ma haka.

"Don wanga kaɓ ɓoye? Kab bar Maniru shina yawo da sunanka kasuwa-kasuwa? Tashi!"

"Ina za mu?"

"Shagari."

"Da warin albasa? Bari in sake riga..."

"Haka nan za ka!"

Da la'asar suka iso. Malam Sodangi yana zaure tare da dattijai biyu, ga Maniru a gefe, wai ya kawo ɗinki. Da ya hango Ɗantani ya cika ƙofa, sai ya fara lalubar takalmi.

"Zamna, Maniru," in ji Hasiya daga bakin zaure. "Kai kak kawo rabin labari, tsaya ka ji sauran."

"Ni abin da direba yac ce..."

"Direba ya ce maguɗi?" Malam ya tambaya.

Maniru ya kau da kai. "Jan ƙyalle dai yac ce. Ni nig ga ai..."

Ba wanda ya taya shi ƙarasawa.

Ɗantani ya durƙusa ya faɗi komai, bai rage ba, har na huɗun da ya zo. Malam ya dube shi.

"Tsohon nan, ɗan'uwanka na?"

"A'a, Baba. Ko yarenai ban ji."

"Ka san doka, kuma kah hita?"

"Na sani, Allah shi gahwarta Malam. Ƙahwata tar riga ni."

Malam Sodangi ya shafa furfurarsa. Shi dai har yau bai ga amfanin jifan ƙarfe ba, kuma ba zai gani ba. Amma wannan ya gane shi sarai.

"Inno!" ya ɗaga murya. "A shirya. Juma'a ta sama za a ɗaura."

Guɗar Inno ta tashi daga cikin gida, ashe tana laɓe a bayan zana tana ji.

Hasiya ta raka shi bakin hanya. Sai yanzu hawayen suka zubo, ta bar su.

"Hasken idona, kin tsaya min inda ni ban tsaya ma kaina ba."

"Na tsaya. Amma da sharaɗi."

"Hwaɗi."

"Baɗi ka koma Ankara."

Ya zaro ido. "Baba zai bari?"

"Baɗi ba ɗiyar Baba nike ba, matarka nike. Ka koma ka jehwa ya hi na bana. In tsohon yad duƙa kuma, ka ruga ka karɓa mishi."

"Su sake sokewa?"

Ta share ido da bakin mayafi, ta harare shi.

"Ka hita ta baya, kana ka ruga, ƙaton banza!"