Girar da Ba Ta Gogewa

"Umma, ki bari haka, kin kusa ɗaye fatar!"

Ban saurari Auta ba. Na sake dangwalo sabulu, na dirje goshina da soso har sai da na ji raɗaɗi. Na watsa ruwa, na ɗago na kalli madubin banɗaki.

Suna nan.

Gira biyu baƙaƙe wuluk, sun haura tsakiyar goshi sun lanƙwashe, kamar ta wadda aka ce wa gidanta ya kama da wuta.

"Wace irin jagira ce wannan da ba ta jin sabulu? Kwana uku fa!"

Auta ta matso ta shafa wurin da yatsa. Sai na ga idonta ya ciko.

"Umma... ba jagira ba ce. Allura aka yi miki. Tawada ce a cikin fata."

"A cikin me?!"

"Ba ta fita, Umma. Sai bayan shekaru."

Soson ya suɓuce daga hannuna.

Shekarata hamsin da shida. Shekara goma sha ɗaya da rasuwar uban su Auta, ban kalli kowa ba, kowa ma tsoron bakina yake ji. Sai Mai Agogo. Shagonsa na bakin titinmu. Sau ɗaya na kai masa agogon bango ya gyara, daga nan kullum sai ya zo wai duba lafiyar agogon. A zuwa na bakwai na ce, "Malam, agogon lafiyarsa ƙalau. Faɗi abin da ya kawo ka."

Ya faɗa. Ni kuma na ji kunya kamar yarinya.

Matsalar ɗaya ce: Yayarsa. Ita ta raine shi, ba ya ƙetare maganarta, kuma ta ce sai ta gan ni da idonta ranar Asabar.

Nan Mai Ɗinki ta shigo. Maƙwabciyata ce, keken ɗinkinta na jikin shagonsa, kullum tana aika masa shayi ba a tambaye ta ba.

"Haba ƙawata, da wannan fuskar za ki tarbi dangin miji? Tashi in kai ki a gyara ki."

A shagon kwalliyar, yarinyar da ke aiki a wurin ta ce, "Mama, wadda ba ta gogewa kike so?"

Ni mai gumi ce. Ina saka jagira take zubo min a ido. Na ce, "Eh mana, ita nake nema!"

Ta miƙo takarda. Ni ban yi boko ba, na dangwala yatsa. Ta shafa min wani mai da ya kashe wurin, ta ce in rufe ido. Na ji wani abu na kuka kamar sauro, na ɗauka tsigar gashi ake yi.

Asabar ta zo, Yaya ta iso. Na ja mayafi har kan hanci. Ina sunkuyawa in ajiye mata kofi, mayafin ya zame.

Yaya ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! Wa ya rasu?"

"Babu kowa, Yaya."

"To me ya firgita ki?"

"Ba a firgice nake ba. Haka... haka fuskar take."

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta ɗauki jakarta.

"Ashe gaskiya Mai Ɗinki ta faɗa min. Mace da jikoki, ta je an yi mata zanen 'yan mata! Ƙanena ba zai auri wannan ba."

Ko ruwan ba ta sha ba.

Kwana tara Mai Agogo bai zo ba. Bai kira ba. Shagonsa a kulle. Na yi kukan da ban yi ba tun ina takaba, in na duba madubi kuma sai in ga mace tana kuka tana mamaki. Ko baƙin cikina fuskar nan ta hana ni in yi shi da mutunci.

Rana ta goma na ɗaura ɗankwali, na nufi shagon kwalliya. Auta na bina tana "Umma a hankali!"

Na banke ƙofar. Mata uku na zaune ana musu gashi.

"Ina yarinyar da ta lalata min fuska?!"

Ta fito, uwar ɗakinta a bayanta.

"Mama, ai kin sa hannu..."

"Na sa yatsa! Kin karanta min? Ɗauko takardar. Karanta da ƙarfi, kowa ya ji!"

Ta karanta. Allura. Tawada. Dindindin.

"Kin faɗa min dindindin? Cewa kika yi ba ta gogewa! A wurina abin da gumi bai wanke ba shi ne ba ya gogewa!"

"Wallahi wadda ta kawo ki ce ta ce kin san komai. Ita ta zaɓi zanen ma. Ta ce a ɗaga sama sosai, wai mijin da za ki aura haka yake so..."

Na nemi kujera na zauna.

"Ni ban taɓa cewa haka ba."

Muryar Mai Agogo ce. Yana bakin ƙofa, ya naɗe fuskarsa da ƙyalle kamar mai ciwon haƙori. Auta ta sunkuyar da kai, na gane ita ta kira shi.

Na juya baya. "Kada ka kalle ni. Ka tafi wurin Yayarka."

"Daga wurinta nake. Na ce mata shekara sittin ina bin maganarta, wannan ɗaya ta bar min."

"To kwana tara ina ka shiga?"

Ya shigo ciki.

"Juyo ki gani, sanyin idona."

Na juyo. Ya warware ƙyallen.

Gemunsa! Farin gemun nan mai kyau da nake satar kallo... ya koma shuɗi. Shuɗi kamar bokitin roba!

"Na shiga uku! Me ka yi wa kanka?!"

"Rini na saya," ya ce a hankali. "Na ga na yi miki tsufa. Mai Ɗinki ta ce kin ce furfurata ta yi yawa. Na shafa, na wanke, na sake shafa wani a kai..."

"Ni na ce? Furfurar da ita ce ta..."

Na kama bakina. Matan shagon suka fashe da dariya, har wadda ke zaune a ƙarƙashin na'urar busar da gashi.

Ya matso ya ƙura wa goshina ido, irin kallon da yake wa cikin agogo.

"Ta hagu ta ɗan fi ta dama tsawo."

"Malam!"

"Ina son su duka biyun. Za ki aure ni da shuɗin gemu, ko in aske?"

"Ka aske. Yau."

Amma ban bar shagon haka nan ba. Sai da uwar ɗakin ta yarda za su dusashe min zanen da na'urarsu, kuma ta yi rantsuwa a gaban mutane cewa daga ranar ba za a sake taɓa fuskar mace ba sai an karanta mata takardar da baki, an ce mata allura ce, an ce mata tawada ce.

Bayan sati uku aka ɗaura mana aure. Yaya ta zo, ta zauna nesa, amma ta zo. Girar ta ɗan dushe, ba ta sauko ba.

Mai Ɗinki kuwa har yau ba ta ba ni haƙuri ba, ni kuma ban yafe ba. Kullum da safe nakan raka mijina shago, in zauna a bencin da ke fuskantar kekenta, in buɗe fuskata in zuba mata ido. Ba na cewa komai.

Shekaranjiya ta sa labule.