Akwatin Da Ya Ƙi Buɗuwa

Akwai wata yarinya a unguwar Kilomita Biyar, ana ce mata Auta. Tana aji biyar. Duk ran Laraba Malam Luqman kafinta yana zuwa makarantarsu, yana koya musu sana'ar hannu.

Wannan karon kowa ɗan akwati ya yi. Auta ta ce nata na ajiye 'yan kunne ne, Innarta za ta ba. Ta yanka katako da zarto. Ta goge shi har yatsunta suka yi ja. Murfin irin wanda ake ja ya zame ne, yana bin 'yar hanya a gefe biyu.

Malam ya duba, ya ce, "Auta, rage murfin nan. Ki bar masa fili kamar kaurin farce. Katako yana shan damshi, in ya sha sai ya kumbura."

"To, Malam."

Amma ba ta rage ba. Ita gani take murfi mai motsi aikin ƙyuya ne. Ta bar nata cif.

Inna tana da 'yan kunne na zinariya. Na mahaifiyarta ne, tun daga Damagaram aka zo da su. A ƙulle suke cikin tsumma, a ƙasan kwalla. Auta ta ɗauke su ba da sanin kowa ba. Ta sa a akwatin, ta ɓoye shi bayan randa. So take ran Lahadi, ranar sunan ɗan kawunta, ta miƙa wa Inna ta ga murnarta.

Kwana uku ana ruwa.

Ran Asabar Hureira mai kitso ta zo daga unguwar Miskine, ta yi wa Inna kitso a cikin ɗaki. Ta kawo wa Auta makala, wato fanke, mai zafi a takarda, kamar kullum.

Ran Lahadi da safe Inna ta kwance tsumma. Wayam! Ta ƙwala wa Baba, mijinta, kira.

"Innalillahi! Malam, zo ka gani! 'Yan kunnen uwata!"

Auta ta ruga bayan randa. Ta ja murfi, bai motsa ba. Ta sake ja har farcenta ya karye. Akwatin ya yi sanyi, ya kumbura. Ta girgiza shi, ta ji 'yan kunnen suna ƙara a ciki. Ta tura shi inda yake, ta tsaya jikin bango.

Baba ya ce, "Wa ya shiga ɗakin nan?"

Inna ta ce, "Babu kowa. Sai Hureira."

"To, ai magana ta fito."

"Haba Malam, shekara goma tana taɓa kaina."

"Ni ban ce ita ce ba. Amma zan je Miskine, mu tsaya gaban mai unguwarsu."

Auta tana jikin bango tana jin komai. In ta yi magana, ta san akwai bulala. In ta yi shiru, za a kira Hureira ɓarauniya a gaban 'ya'yanta. Wa zai sake ba ta kansa ta yi kitso?

Baba ya sa takalmi. Ya turo babur waje. Ya taka sau ɗaya, bai tashi ba. Ya sake takawa, ya tashi.

"Baba! Baba, kar ka je! Ni ce!"

Ta kawo akwatin tana kuka. Da ƙyar ta yi bayani.

Baba ya kashe babur. Ya ce, "Saura kaɗan ki sa in ɗauki alhakin baiwar Allah. Miƙo mini guduma."

Inna ta riƙe akwatin a ƙirjinta. "A'a. Da hannunta ta yi shi. A kai wa malaminta."

Shagon Malam Luqman yana bayan kasuwa. Bai yi faɗa ba. Ya ajiye akwatin nesa kaɗan da garwashin mai shayi. Auta ta tsuguna tana kallo, tana tsoron kar ya ƙone. Bayan kamar awa ɗaya ya ɗan bubbuga gefensa. Murfi ya zame. Ga 'yan kunne suna ƙyalli.

Ya miƙa mata abin guga. "Nawa na ce ki bari?"

"Kaurin farce, Malam."

"To, bismilla."

Ta rage murfin. Malam ya goga kyandir a hanyarsa, sai ga shi yana tafiya sumul.

Da la'asar, a gidan suna, Inna ta ja Hureira gefe. Ta gaya mata komai. Auta ta durƙusa, ta ce, "Gwaggo, ki yafe mini."

Hureira ta ja kunnenta a hankali. "Ke 'yar nan! Na yafe. Amma tararki akwati ɗaya, na zuba matsefata."

Aka yi dariya. Auta ta yi mata shi, da fili kamar kaurin farce.

Yara, ku bi maganar malaminku ko ba ku gane dalilinta ba. Kar ku ɗauki kayan manya a ɓoye, ko da niyya mai kyau. In kun yi kuskure, ku faɗa da wuri, kafin ya faɗa kan wanda bai ji ba bai gani ba.