Kashi na Biyu na Fim Ɗin Lisandro

"Mama, wannan Yurani ce... tana taya mu ɗaukar kaya wurin fim."

Tun daga tashar bas hannuna ke cikin na Lisandro. Yana jin takun uwarsa ya sake shi kamar ya taɓa tukunya a kan wuta.

Mutumin da kullum sai ya ce min sarauniyata. Ranar Lahadin nan aka sauke ni daga sarauta, na koma 'yar dako.

Uwar tasa, doña Clemencia, ta kalli takalmina, ta tambayi unguwarmu. A garinmu Cali ba sai an binciki asalinka ba, lambar matsayin unguwa da ke kan takardar wuta ta isa. Tamu biyu, tasu shida, ta masu kuɗi. Ta ce ai ko'ina akwai mutanen kirki, mai musu guga ma daga can take.

A tebur na tarar da Pilar, 'yar ƙawar uwar, mai wasan kwaikwayo. Ta ƙura min ido har na gama shan miyar sancocho, wai yadda nake riƙe cokali yana da "gaskiya". Ni dai yunwa nake ji.

Daga ranar na daina ɗaga wayarsa.

Da damina ta tsaya sai ga shi a rumfar kawuna inda nake sayar da rigunan waya, ya tara gemu, ya naɗa mayafi a wuya a garin da ko kare neman inuwa yake.

"Sarauniyata, na kasa faɗa da baki, shi ya sa na yi fim. Ki zo ki gani."

Na ce ai baki ya fi sauƙin ɗauka, ba ya bukatar fitila.

Amma na je. Har gashi na gyara, kar ma ku tambaye ni.

Fim ɗin kashi biyu ne, irin waɗanda labari ke komawa farko. Ni ban yi jami'a ba, a rumfa na ƙare finafinan duniya lokacin da kawu ke sayar da faifai, na san salon. Kashi na farko, saurayi ya kai budurwa gida, ya yi wa uwarsa ƙarya, budurwa ta tafi. Pilar ce ta fito a matsayina. Ta riƙe cokalin daidai, Allah ya isa.

Sai allo ya yi baƙi, aka dawo bakin ƙofa.

Wannan karon bai saki hannunta ba.

"Mama, ita zan aura."

Na yi kuka. Ba kaɗan ba. Na ce a raina yau zai faɗa, uwarsa na layin gaba, ya shirya mata hanya ne.

Aka kunna fitilu, aka fara zagayawa da makirufo kamar yadda suka saba. A irin wurin nan ba mai yin tambaya, kowa karatunsa yake karanto mana. Wani mai tabarau ya yi dogon bayani kan madubi, a ƙarshe ya ce wanne ne gaskiya cikin kashi biyun. Lisandro ya shafa gemu, ya ce duka, kuma babu.

Aka tafa.

A waje ana raba giya a kofin roba, doña Clemencia ta nufo mu, Pilar maƙale da hannunta. Uwar ba wawiya ba ce, a fim ɗin ta gane teburinta, ta gane labulenta. Ta dube ni, ta dubi ɗanta.

"Lisandro, yarinyar cikin fim ɗin nan, wannan ce?"

Ba kamara, ba fitila. Kalma ɗaya.

Na ji yatsunsa sun taɓa nawa...

"Mama, ba mutum ba ce fa. Alama ce. Tana wakiltar ƙasar nan ne."

Pilar ta ce ita ma haka ta fahimta tun farko.

Na ce to madalla, ƙasa za ta je ta kama bas.

Ya raɗa min wai in jira, ba nan ne wurin ba, yanzu haka yana rubuta kashi na uku. Kafin in amsa mai tabarau ya ja shi gefe.

Ina saka rigar ruwa a bakin ƙofa na ji turare a bayana. Doña Clemencia ce, ita kaɗai.

"'Yar nan, ba na son ki da shi, ba zan ɓoye miki ba."

"Na sani, ranki ya daɗe."

"Amma da ya ce e, da na yi fushin wata guda na haƙura. Haka surukata ta yi da ubansa ya kawo ni. Daga lamba uku na fito."

Ta gyara min wuyan rigar, ta koma ciki.

Ta gilashi na hango shi, ya haɗa yatsu kamar allo yana nuna wa mutane yadda ya ɗauki wurin hannun nan. Na ɗan tsaya ko zai waiwayo.

Bas ɗina ya riga shi.