Baƙon da Ya Ga Masu Kan Kare

A can wani zamani an yi wani Bature mai wa'azi, mai saurin fushi, ya yi tafiya ƙasashen gabas yana rubuta abin da ya gani. Ya isa wani gari mai tsananin sanyi, ya hango mutane sanye da hulunan fata masu kunnuwa. Ko sauka daga doki bai yi ba ya rubuta: "Mutanen nan kan kare gare su."

Tafintansa ya karanta rubutun ga tsohuwar da ta sauki Baturen a gidanta. Ta fusata ta ce, "Kai baƙo, ka ci abincina ka mai da ni karya? Ni ba karya ba ce, kai ne mai ƙarya. Goge."

Ya daka mata tsawa ya ce, "Da idona na gani."

Ta wurga masa hula ta ce, "Ungo, kada sanyi ya cinye kunnuwan da ba ka ji da su."

Ya aika da littafinsa gida tare da ayari, kowa ya karanta. Bayan shekara ya koma garinsu cikin sanyi, da hular a ka. Masu gadi suka rufe ƙofar gari suka ce, "Ga mai kan kare."

Ya fizge hular yana huci ya ce, "Hula ce, wawaye!"

Suka ce, "Ashe har cire kan suke yi. Da idonmu muka gani."

Ƙurunƙus kan kare, in ba hula ba ce.